Na'urorin da Aka Ƙera Wasanni a Kansu, da Abin da Ya Saura a Cikinsu

A cikin na'urorin da kamfanin Nintendo ya ƙera a zamanin Wii akwai wata da ba a taɓa ajiye ta a kanti don sayarwa ba. Girmanta da farin jikinta duk irin na Wii ɗin da ta shiga kasuwa a Nuwamban 2006 ne, sai dai fuskarta ja ce, kuma ko ta ina mutum ya juya ta ba zai ga bakin saka faifai ba. Sunanta RVT-H Reader. A inda injin juya faifai ya kamata ya zauna, an dasa mata rumbun ajiya irin na ƙaramar kwamfuta, mai cin gigabayit 40, aka raba shi gurbi takwas, kowane gurbi daidai cikin faifan Wii guda. Mai gwajin wasa zai danna maɓallin da ke fuskarta ya zaɓi gurbi, na'urar ta ɗauka faifai aka saka mata, sai ta tayar da wasan.

A lokacin, kamfanonin da ke rubuta wasannin bidiyo kaɗai ake ba irinta, su ma bisa yarjejeniya. Aikinta bai wuce na allon almajiri ba: a rubuta na yau, a biya, a wanke, a rubuta na gobe. Ba wanda ya ƙera ta da niyyar ta zama ma'ajiyar tarihi. Amma yau, bayan kamfanoni da yawa sun rufe kuma takardunsu sun watse, abin da ya kwana a irin waɗannan gurabe shi ne kaɗai shaidar da ta rage ta yadda aka gina wasu wasannin, da ma wasu da aka gama wahalarsu ba su taɓa fitowa ba.

Labarin ya faro ne daga lokacin da faifai ya ture kaset. A zamanin kaset, mai rubuta wasa yana tura aikinsa cikin wasu ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake gogewa da haske na musamman a sake rubutawa, kuma wasan gaba ɗaya bai wuce 'yan megabayit ba. Da Sony ya fitar da PlayStation a Japan ranar 3 ga Disamba 1994, faifan CD ɗaya yana ɗaukar kusan megabayit 650. Wuri ya samu, amma wata sabuwar matsala ta taso. Faifan da ake sayarwa a masana'anta ake buga shi, ba ya gyaruwa. Faifan da ake zuba wa bayanai a ofis kuwa sau ɗaya yake karɓar rubutu, ga tsada a wancan lokaci, ga ɗaukar lokaci. Wanda ke gyara wasansa sau da yawa a yini ba zai iya ɓata faifai a kan kowane gyara ba.

Wasu 'yan Ingila biyu, Andy Beveridge da Martin Day, masu ƙaramin kamfanin SN Systems a birnin Bristol, suna cikin waɗanda suka sauƙaƙa wannan aiki. Da farko Sony ya yi niyyar masu ƙera wasa su yi amfani da manyan kwamfutocinsa masu tsada. A bajekolin kayan lantarki na Las Vegas a Janairun 1994, mutanen SN Systems suka nuna wa shugabannin Sony kayan aikin da ke tafiya a kan kwamfutar ofis ta yau da kullum, kuma Sony ya karɓi shawarar. Aka matse PlayStation ɗin gaba ɗaya ta koma faranti biyu na lantarki da ake sokawa a cikin kwamfuta, masu ƙwaƙwalwar aiki megabayit 8 maimakon 2 na wadda ake sayarwa. Aka kuma haɗa musu wani faranti na uku da ke sa rumbun ajiya ya yi kamar shi ne faifan CD. Daga nan cikakken kwafin faifai, wato fayil ɗaya da ya ƙunshi duk abin da ke kan faifan tun daga farkonsa har ƙarshensa bisa jerinsa, ya zama kayan aikin yau da gobe a wannan sana'a. Duk wanda ya taɓa shiga shagon buga gem a Kano ko Damagaram ya ga an zaɓo wasa daga jerin sunaye a PlayStation 2 ba tare da an saka faifai ba, ya riga ya ga irin wannan kwafi yana aiki.

Abin sha'awa a nan shi ne, ba sauri ake nema daga wannan faranti ba. Jinkiri ake nema. Injin faifan PlayStation kilobayit 300 kacal yake karantawa a daƙiƙa, kuma kan lezarsa yana ɗaukar lokaci kafin ya tashi daga wani sashe na faifan zuwa wani. Wasan da aka gwada a kan rumbu mai gudu zai yi lafiya a ofis, ya je gidan yaro ya riƙa tsayawa. Don haka dole rumbun ya kwaikwayi nawar faifai, kuma dole mai ƙira ya san inda ya ajiye kowane fayil a kan faifan. Shi ya sa jerin bayanan da ke cikin kwafi yake da muhimmanci kamar bayanan kansu.

Idan wasa ya kusa kammaluwa sai a zuba shi a faifai a kai wa masu gwaji da 'yan jaridar mujallun wasanni. PlayStation ta kasuwa ba ta karɓar irin wannan faifai, domin a kan faifan masana'anta akwai wata 'yar lanƙwasa da aka yi wa layin bayanai kusa da tsakiya, mai ɗauke da haruffa huɗu na yankin da aka buga shi dominsa, kuma injin zuba faifai na ofis ba ya iya yin ta. Sai Sony ya yi wasu na'urori na daban, shuɗɗa da korra, waɗanda ba sa neman wannan alama. Faya-fayan da suka ci, masu sunan wasa da kwanan wata rubuce da alƙalamin maka, su ne dubban da masu adana tarihi ke bi yanzu.

Zamanin da ya biyo baya kowane kamfani ya ɓullo da tasa dabarar. Na'urar ƙera wasannin PlayStation 2, wadda aka rubuta wa TOOL da manyan haruffa a gefe, kamanninta na PlayStation 2 ne amma ta kumbura ta kai girman akwatin kwamfutar tebur. A cikinta akwai wata cikakkiyar kwamfuta mai tafiya da Linux, ga ƙwaƙwalwar aiki megabayit 128 a maimakon 32, kuma da aka sanar da ita a 1999 kuɗinta yen miliyan 2 ne. Sega ya yi wa Dreamcast faifai nasa na kansa, GD-ROM, mai cin kusan gigabayit ɗaya, wanda kwamfuta ba ta iya karanta komai a kansa sai ɗan zagayen ciki. Nintendo kuwa, a zamanin GameCube da ta fito a 2001, hanya biyu ya bi: akwai NR Reader mai karanta ƙananan faya-fayai na musamman masu faɗin santimita 8, akwai kuma NPDP Reader wadda ake soka wa wani ƙaton kaset a ka. A cikin kaset ɗin rumbun ajiya ne mai ɗaukar kwafin faifai har huɗu. Daga wannan kaset RVT-H ta gaji tsarin gurabenta.

Lissafin guraben a fili yake. Faifan Wii mai shimfiɗa ɗaya gigabayit 4.7 yake ci, takwas ɗinsa sun kama 37.6, sun shiga cikin 40 ke nan. Wasa mai shimfiɗa biyu, irin Super Smash Bros. Brawl na 2008, gurbi biyu yake cinyewa. Kafin gurbi na farko akwai wani ɗan jadawali da ke faɗin abin da ke kowane gurbi, da ranar da aka zuba shi, da tsawonsa. Idan ma'aikaci ya goge gurbi, layin da ke cikin jadawalin ne kawai yake tafiya. Wasan da kansa yana nan kwance inda yake har sai an zuba wani a kansa.

Wannan ɗan sakaci na ƙira ya zama alheri. Wani mai rubuta manhaja, David Korth, ya bi tsarin rumbun ya gano yadda yake, ya fitar da wata manhaja kyauta mai suna RVT-H Tool da kowa zai iya duba rubutunta. Tana jera abin da ke cikin guraben, tana fitar da kwafi zuwa kwamfuta, tana zuba sabo, sannan tana leƙa farkon kowane gurbin da jadawali ya ce fanko ne ta ga ko akwai kan faifai a wurin. In ta samu, sai ta dawo da shi. Na'urar da aka saya a gwanjo ana ganin wayam ce tana iya fitowa da wasannin da masu su suka tabbata sun share. Saboda haka ƙa'idar farko ga wanda ya san aikin ita ce kada a zuba komai a irin wannan na'ura, kada ma a yi ta kunna ta don sha'awa, sai an kwafe rumbun gaba ɗaya tukuna. Zubi ɗaya na ganganci ya isa ya binne abin da babu irinsa a ko'ina.

Bayan an fitar da kwafin ma da sauran aiki. Wasannin Wii a kulle suke da lissafin sirri, kuma mabuɗin na'urorin ƙira daban yake da na na'urorin kasuwa. Kwafin da ya fito daga RVT-H ba zai tashi a Wii ta gida ba sai an buɗe shi an sake kulle shi da ɗaya mabuɗin. Manhajar Korth tana yin wannan, amma abin da ya fito ya zama wani fayil dabam. Mai adanawa na ƙwarai yana ajiye na asalin yadda ya same shi, ya yi wasa da na biyun.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kai wannan aiki hannun 'yan sa-kai, alhali kamfanonin da suka yi wasannin suna nan? Amsar tana da ɓangare biyu. Na farko, na'urorin ƙira a bisa yarjejeniya mallakar mai na'urar wasan ne, ana sa ran a mayar masa ko a lalata su idan aiki ya ƙare. A 2012, da kamfanin 38 Studios na tsohon ɗan wasan besbol Curt Schilling ya karye a jihar Rhode Island ta Amurka aka sa kayansa a gwanjo, Microsoft ya tashi tsaye ya ce a cire na'urorin ƙera wasannin Xbox 360 daga ciki, domin nasa ne. Waɗanda suka kuɓuta zuwa hannun jama'a ta ɓaraka suka fita: gwanjon da ba a sa wa ido ba, kwandon shara, ko kwalin da wani ma'aikaci ya tafi da shi gida ranar da aka rufe ofis.

Na biyu kuma, kamfanonin kansu ba su iya ajiya ba. Da Konami ya zo sake fitar da Silent Hill 2 da 3 a 2012, asalin rubutun manhajar da aka miƙa wa masu aikin ba na ƙarshe ba ne, sai da suka koma suna fama da kurakuran da aka riga aka gyara shekaru da suka wuce, kuma 'yan wasa sun ga tabon hakan a abin da ya fito. A 2013 Tetsuya Nomura na Square Enix ya faɗa da bakinsa cewa bayanan asali na Kingdom Hearts na farko sun ɓace, sai da aka sake gina abubuwa da yawa. Waɗannan fa wasanni ne da suka yi kasuwa suka kawo kuɗi. Wanda aka soke tun bai fito ba, wa zai tuna da shi?

Su kuwa kayan ba sa jira. Faifan da aka zuba a ofis, bayanansa a jikin wani siririn rini suke, kuma zafi da haske da laima suna cin wannan rini a hankali. Rumbun ajiya inji ne mai juyawa, yana iya ƙin tashi bayan ya shekara goma sha a kan kanta. Xbox ta farko tana da wani ɗan ƙaramin abin riƙe wutar agogo da ya yi ƙaurin suna wajen tsiyayar da ruwa mai cin farantin na'urar. Mafita ɗaya ce, a fitar da bayanan daga jikin abin da ke ruɓewa a mayar da su fayil da za a iya kwafa wurare da yawa.

Sai dai kwafi suna ya tara. Akwai mai jan fayilolin da ya gani kawai ya watsar da saura, akwai kuma mai ɗauko faifan ɗungurungum har da wuraren da ake ganin ba su da amfani. Wani abu da ya faru a 1999 ya nuna bambancin. Masu ƙira kan cika faifai da fayil na banza don su tura bayanan wasan zuwa inda suke so. A faifan Tiger Woods 99 na PlayStation, fayil ɗin cikon mai suna ZZDUMMY.DAT ashe wani gajeren fim ɗin zane ne na masu shirin talabijin na South Park, mai cike da ashar, wanda wani ya jefa a ciki. Da aka gano, Electronic Arts ya janye kwafi wajen 100,000 daga kasuwa. Wanda ya kwafi wasan ya zubar da cikon, ya zubar da wannan labarin gaba ɗaya. A faya-fayan GameCube da Wii ma akwai irin wannan ciko na lambobi barkatai, kuma shekaru da yawa mutane suna share shi don fayil ya ragu, har sai da masu manhajar Dolphin, mai kwaikwayon waɗannan na'urori a kwamfuta, suka fito da tsarin RVZ a 2020, wanda ke matse kwafi ya kuma iya dawo da cikon daidai yadda yake.

Don a san kwafi na gaskiya, 'yan ƙungiyar Redump suna lissafa wa kowane kwafi lambobin tantancewa irin su MD5 da SHA-1, waɗanda ke canzawa gaba ɗaya in ko ɗigo ɗaya ya sauya a cikin fayil. Idan mutum biyu a ƙasashe biyu suka kwafi faifai iri ɗaya lambobinsu suka zo daidai, magana ta ƙare. Faifan gwaji kuwa sau da yawa shi kaɗai ne a duniya, ba shi da ɗan'uwan da za a gwada shi da shi. Dole mai shi ya karanta shi fiye da sau ɗaya, in da hali da injina daban-daban, ya ɗauki hoton fuskarsa da rubutun hannun da ke kai, ya kuma rubuta inda ya fito. Kwanan watan da wani ya rubuta da maka a gurguje yakan zama shi ne abin da zai nuna matsayin wannan siga a tarihin wasan.

Shekarar 2021 ta nuna yawan abin da ke ɓoye. A Fabrairu, ƙungiyar Forest of Illusion ta saki Dinosaur Planet, wasan da kamfanin Rare ya yi wa Nintendo 64 kafin a juya shi ya koma Star Fox Adventures a GameCube a 2002. Sigar ta ranar 1 ga Disamba 2000 ce, daga wani faifai da suka saya a hannun wani mai tara kaya a Suwidin, kuma a cikinta an riga an saka Fox McCloud, gwarzon Star Fox, abin da ya nuna juyin ya fara tun wasan bai bar Nintendo 64 ba. A Maris, ƙungiyar Hidden Palace, wadda tun 2008 ta taɓa sakin sigogin gwaji na Sega fiye da 1,000, ta buɗe aikin da ta kira Project Deluge da sigogin PlayStation 2 fiye da 700 a tashi ɗaya, tare da taimakon Internet Archive. Mutum ɗaya ne ya tsamo faya-fayan daga hanyar bola da ta kasuwa ya kwafe su, sannan 'yan sa-kai suka zauna suna gwada kowanne da sigar da aka sayar don a ware masu bambanci. A Afrilu kuma faifan Castlevania: Resurrection na Dreamcast, wasan da Konami ya soke, ya ɓulla bayan fiye da shekara 20.

Ba kowa ke murna da wannan ba, kuma masu ƙorafin suna da hujja. Wasannin nan suna da masu haƙƙin mallaka. Akwai masu zane da masu rubuta manhaja da ba sa son a ga aikinsu tun bai nuna ba. Akwai kuma masu tara kaya da ke ƙin a kwafi faifan da ke hannunsu don kada darajarsa ta faɗi, wanda wannan kam son kai ne tsagwaronsa, tunda faifan zai mutu a hannunsu ko sun so ko sun ƙi. Amma haƙƙin mai ƙira gaskiya ne, kuma maganinsa shi ne aikin ya koma hannun ɗakunan karatu da gidajen tarihi masu ƙa'idar wanda zai gani da yadda zai gani. Irin waɗannan wurare suna nan. Gidan tarihin wasanni na Strong a Rochester ta jihar New York yana karɓar takardu da kayan kamfanoni. A 2014 wani ma'aikacin Ɗakin Karatun Majalisar Dokokin Amurka, David Gibson, ya tsinci bayanan Duke Nukem: Critical Mass na na'urar hannu ta PSP, wanda bai taɓa fitowa ba, a kan wani faifai da aka aiko don rajistar haƙƙin mallaka. Babban ɗakin karatun Faransa kuwa tun dokar 1992 yake karɓar kwafin wasannin da aka fitar a ƙasar, kodayake wannan bai shafi abin da ya tsaya a ɗakin gwaji ba.

Abin takaicin shi ne doka ta fi matse waɗannan cibiyoyi masu bin ƙa'ida fiye da kowa. Gidauniyar Video Game History Foundation, wadda Frank Cifaldi ya kafa a 2017, ta fitar da bincike a 2023 da ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba sa samuwa a kasuwa. Da wannan hujja aka nemi Ofishin Haƙƙin Mallaka na Amurka ya ƙyale ɗakunan karatu su bar masu bincike su duba tsofaffin wasanni daga nesa ta intanet, kamar yadda ake yi da littattafai da fina-finai. Ƙungiyar manyan kamfanonin wasanni ta ƙi amincewa, kuma a Oktoban 2024 ofishin ya yi watsi da buƙatar. Wannan hukunci kuskure ne, domin ya bar ɗalibin da ke son nazarin tsohon wasa da zaɓi biyu, ko ya yi tattaki zuwa inda faifan yake, ko ya bi ta bayan gida. Duk shekara uku ake sake zaman duba waɗannan dokoki, kuma zama na gaba zai faɗo ne a 2027.